Inda Gyaɗar Baba Ta Sauka: Yawon Ɗan Takur a Liverpool

A daren da zai bar Dutse, bayan an idar da sallar isha'i, Likita ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa da ke Takur, ya zauna karɓar sallahu. Ɗansa mai shekara goma sha ɗaya bai yi wani kewaye-kewaye ba, jar rigar Salah yake so, da hoton mahaifinsa a tsaye a bakin filin Anfield. Uwargida ta ce ita dai ya dawo lafiya, ta cusa masa ƙullin yaji da garin kuka a jaka. Mahaifinsa ne ya yi shiru yana jan carbi, har sai da kowa ya shige ciki.

Tsohon ba ya kama sunansa, saboda ɗan fari ne. Tun da ya gama karatu sai abin ya zo masa da sauƙi, ya bi jama'a yana ce masa Likita.

"Likita, garin nan da za ka, shi ne Libaful?"

"Shi ne, Baba."

"To, in ka samu sarari, ka dubo mini inda gyaɗarmu take sauka."

Baba ya tashi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. A ƙarshen shekarun 1950, yana saurayi, shi ne mai kora jakai da kaka, daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa. A can ake ɗora buhu a sikeli, akawu ya dubi allura ya rubuta, a ƙirga wa mutum sulallansa, a ɗinke buhu a jera shi jiran tarago. Baba bai yi boko ba, saboda haka bai taɓa sanin abin da allurar take nunawa ba. Abin da ya riƙe shi ne amsar da akawuna da direbobi suke bayarwa in an tambaye su ina ake kai gyaɗa haka: Kano, Ikko, sannan Libaful. Shekara sittin da 'yan kai kalmar tana cikinsa, babu hoto babu bayani.

Wanda ya shiga intanet yana neman abin gani a Liverpool, jerin da zai samu kusan ɗaya ne: mawaƙan Beatles, ƙwallon ƙafa, tsofaffin gine-ginen bakin ruwa da gidajen tarihi. Dukansu sun cancanci a je. Sai dai ga mutumin da ya fito daga ƙasar gyaɗa, birnin yana da wani karatu na daban. Layin dogon da ya taso daga Nguru, ya ratsa Malam Madori da Gagarawa da Ringim ya shiga Kano, a ƙasa Legas ce iyakarsa, amma a lissafin ciniki a bakin kogin Mersey yake tuƙewa. Wanda ya je da wannan a ransa zai ga abin da sauran baƙi ba su gani ba, ko da kuwa gini ɗaya suke kallo.

Makarantar da mai jirage ya kafa

Likita ya sauka a Manchester a watan Satumba na 2023, ya hau jirgin ƙasa, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya isa tashar Lime Street a tsakiyar Liverpool. Wanda ya sauka a Landan kuwa, awa biyu da 'yan kai ne daga tashar Euston. Lime Street kanta tsohuwa ce, tun 1836 take aiki, shekara shida bayan buɗe layin dogon Liverpool zuwa Manchester, wanda shi ne na farko a duniya da ya haɗa manyan birane biyu da jirgin fasinja mai aiki da tururi.

Abin da ya kai shi kwas ne na wata uku a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke titin Pembroke Place. Tun a makon farko ya gane cewa sallahun Baba ya fara ne daga kujerar da yake zaune a kai. An kafa makarantar a 1898, ita ce irinta ta farko a duniya, kuma wanda ya assasa ta ba likita ba ne. Alfred Lewis Jones ne, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda ya mamaye zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar masa da ma'aikata a gaɓar, ciniki yana tsayawa, shi ya sa ya zuba kuɗi a nemo magani. A nan Ronald Ross ya koyar daga 1899, mutumin da ya tabbatar cewa sauro ne yake yaɗa cutar, har ya samu kyautar Nobel a 1902.

Wannan Jones ɗin dai shi ne ya kafa Bank of British West Africa a 1894, da hedikwatarsa a Liverpool, bankin da yau ake kira First Bank, inda albashin Likita yake shiga duk ƙarshen wata. Mutum ɗaya ke nan ya riƙe jirgin da yake ɗaukar kaya, da bankin da yake biyan kuɗin kayan, da makarantar da take kula da lafiyar masu ɗaukar.

Tsakiyar birnin ba ta da girman da za ta gagari mai tafiya a ƙafa. Daga Lime Street zuwa bakin ruwa gangara ce ta minti goma sha biyar zuwa ashirin. Abin da baƙo yake buƙata shi ne takalmi mai daɗin tafiya da rigar ruwa mai hula, don iskar da take tasowa daga teku tana juya lema ta karya ta. Manyan gidajen tarihi kyauta ake shiga. Daura da tashar akwai zauren St George na 1854, da babban ɗakin karatu, da World Museum, inda kaso mai yawa na kayan Afirka wani injiniyan Elder Dempster ne mai suna Arnold Ridyard ya yi ta kawo su tsakanin 1895 da 1916. Wanda ya je da hunturu kuma ya tsara yawonsa da sassafe, domin a watan Disamba kafin ƙarfe biyu la'asar ta yi, kafin ƙarfe huɗu an kira magariba.

Bakin ruwa

Ranar Asabar ta farko Likita ya gangara Pier Head. Mutumin da ya tashi tsakanin duwatsun Dutse, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kogin Haɗejiya da damina, sai da ya ɗan tsaya kafin ya matsa kusa. Mersey kogi ne mai faɗi, ruwansa ƙasa-ƙasa, kuma sau biyu a yini teku take turo shi ya cika, sannan ta janye shi. Tsakanin cika da janyewa yakan kai kusan mita goma. Wannan ne ya hana garin girma tsawon ƙarnuka bayan Sarki John ya ba shi takardar zama gari a 1207, domin jirgin da ya tsaya da safe zai iya kwanciya a taɓo da rana. A 1715 aka samo dabara: aka gina tafki mai ƙofa, jirgi ya shiga lokacin cika, a rufe, ruwa ya tsaya cak har a gama sauke kaya. Shi ne na farko irinsa da aka yi don kasuwanci a duniya. Ragowar bangonsa yana nan a ƙarƙashin rukunin kantunan Liverpool One. Arzikin birnin duka daga wannan ƙofa ya faro.

A Pier Head manyan gine-gine uku ne suke fuskantar ruwa: ofishin hukumar tashar jiragen ruwa na 1907, da ginin kamfanin Cunard, da Royal Liver mai tsuntsaye biyu na tagulla a ƙololuwa, wanda fuskar agogonsa ta fi ta Big Ben na Landan faɗi. An buɗe shi a 1911, shekarar da layin dogo ya isa Kano. Likita ya so ya ƙulla alaƙa tsakanin biyun, amma da ya karanta sai ya ga ba haka ba ne. Masu ginin ƙungiya ce ta talakawan gari, da suka fara tun 1850 suna tara kwabo-kwabo kamar adashi domin kuɗin jana'iza. Ba kowane dutse ba ne a Liverpool aka saya da gumin Afirka, kuma baƙon da yake son gaskiya dole ya riƙa bambancewa. 'Yan taku kaɗan daga nan ne ya ci karo da dogon ginin tunawa da Alfred Jones, wanda aka ƙaddamar a 1913.

Ya sayi tikitin jirgin fito, wanda yake zagaya kogin cikin minti hamsin. Wannan ya kamata ya zama abu na farko da baƙo zai yi, saboda birnin an gina shi ne don a gan shi daga ruwa. Haka matafiyan da suka fito daga Apapa suka fara ganinsa bayan kusan mako biyu a teku. A zamanin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa Hajji, babu wata hanya sai ta ruwa. Daga 1951 kuwa jirgin Aureol na Elder Dempster ne ya riƙa kai ɗalibai da ma'aikata yana dawo da su, har jirgin sama ya ƙwace kasuwar, aka dakatar da shi a 1974.

Kudu kaɗan da Pier Head ne Albert Dock yake, wurin da kowane baƙo yake ɗaukar hoto. Sito-sito ne masu hawa biyar na jan bulo, a kan ginshiƙan ƙarfe, sun kewaye tafki. An buɗe su a 1846, kuma injiniyansu Jesse Hartley bai sa katako a jikin ginin ba, don gudun gobara. Yau gidajen tarihi ne da na abinci, har da na Beatles. Likita ya ɗauka a nan zai sauke nauyin sallahu, sai ya tarar an gina wurin ne don kaya masu tsada irin su taba da shayi da alharini da hauren giwa, kuma tun kafin gyaɗa ta fara fita daga Kano jiragen zamani sun fi ƙarfin ƙofarsa. Jiragen Afirka ta Yamma can ƙasa suke tsayawa, a matsayun da ke kudu.

Ya bi hanyar ƙafa da take bin gaɓar kogin, ya yi ta tafiya iska tana dukansa. Matsayun kudu an rufe su tun 1972, an cike wasu da ƙasa. Abin da ya tarar ofisoshi ne, da gidajen haya, da filin ajiye motoci. Babu allo, babu rubutu, babu abin da ya ambaci gyaɗa. Ya ɗauki hoton filin motocin, ya juyo.

Yadda gyaɗa ta kama hanya

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Turawa ba don gyaɗa suka ja layin dogo zuwa Kano ba. Auduga suka sa rai, domin masaƙun Lancashire da ke bayan Liverpool. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, kuma Alfred Jones ne shugabanta. Da jirgi ya fara aiki a 1912, sai manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin. Audugarsu masaƙan gida suna saye da daraja. Gyaɗa kuwa Turai tana nemanta ido rufe, saboda an gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi bota da shi. Ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta, a yi ƙuli-ƙuli, a ba dabbobi harawa. Ga kuma haraji da dole sai da tsabar kuɗi ake biya. Fataken goro da suka san kowane lungu na ƙauye su ne suka zama 'yan kamasho, mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa.

Ba duka gyaɗar ce ta sauka a Liverpool ba. Wata ta nufi Hull da Landan, wata tasoshin Faransa da Holan da Jamus. Amma jiragen da suke ɗauka, da bankin da yake biya, da kamfanoni irin su John Holt da suke saye, da yawansu a nan tushensu yake. Manomi yana da gona da gumi. Awo da sufuri da inshora da matsewa da sarrafawa kuwa suna hannun wasu, kuma a nan ne riba take taruwa. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta karɓi yanke farashi, daga 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Takan sayi gyaɗa ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar ta tafi asusun hukuma, wani kaso a yi ayyukan raya ƙasa da shi. A shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma, su suka rushe dala.

Wanda yake son ganin abin da ribar sarrafawa take iya ginawa, sai ya hau jirgin ƙasa da yake bi ta ƙarƙashin kogi, cikin kamar minti ashirin ya sauka a Port Sunlight. Gari ne sukutum da William Lever, mai sabulun Sunlight, ya fara ginawa ma'aikatansa a 1888. Gidaje wajen ɗari tara ne, kowane layi da fasalinsa, ga lambuna, ga makaranta, ga asibiti, ga gidan zane-zane na Lady Lever da aka buɗe a 1922. A 1920 kamfanin Lever ya sayi Niger Company, wanda daga gare shi UAC ta fito a 1929, kuma a maƙwabta, a Bromborough, yake da masana'antar bota da matsayar jiragensa. Lever ya kyautata wa ma'aikatansa na Ingila fiye da yawancin attajiran zamaninsa. A gonakin kwakwar manjan da ya samu a Kwango daga 1911 kuwa, aikin tilas aka yi. Likita ya zauna a benci yana kallon ciyawar da aka aske kamar da reza, ya tuna ƙauyen Baba, inda har yau mai naƙuda a bayan babur ake kai ta asibiti.

Hawa na uku

A Albert Dock, a saman gidan tarihin jiragen ruwa, akwai gidan tarihin bauta, wanda aka buɗe ranar 23 ga Agusta, 2007, shekara ɗari biyu bayan Birtaniya ta haramta fataucin bayi. Likita ya ɗage zuwa wurin har sau biyu kafin ya hau.

Kafin gyaɗa akwai manja, kafin manja akwai mutane. Daga 1699 zuwa 1807 jiragen Liverpool sun yi tafiya kusan dubu biyar, sun ketare da 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi, da yawansu daga Bonny da Kalaba. A ƙarshen ƙarni na 18 babu tashar da ta kama ƙafarta a Turai a wannan ciniki. Jirgin Zong, wanda a 1781 matuƙansa suka jefa mutum fiye da 130 a teku da ransu, masu shi kuma suka nemi inshora ta biya su asarar kaya, na attajiran Liverpool ne. Da aka hana cinikin, jiragen da gidajen kasuwancin suka koma ɗaukar manja daga gaɓar da suka riga suka sani.

Wurin yana da mari da sarƙoƙi da taswirar yadda ake jera mutane a cikin jirgi. Likita ya shiga da fushin wanda aka zalunta, amma bai fito da shi shi kaɗai ba. Ya san akwai Hausawa cikin waɗanda aka ketare da su, musamman zuwa Bahia a Barazil, inda suka yi ta yunƙurin tawaye tun 1807, har suka shiga babban boren Musulmi na watan azumin 1835. Ya kuma san cewa kafin su isa bakin teku, wasu ne suka kama su, wasu suka sayar. Ya san ma'anar kalmar rinji. Ya san sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa, kuma har yau akwai gidajen da in zancen aure ya taso sai an yi raɗa a kan asali. Liverpool ta tara abin kunyarta a ɗaki ɗaya ta buɗe ƙofa kyauta. Ya yi ta tunanin ko a wane gari ne na Arewa yaro ɗan makaranta zai shiga ɗaki irin wannan. An rufe gidajen tarihin biyu a farkon 2025 domin gyara da faɗaɗawa, saboda haka mai niyyar zuwa ya fara bincika ko an sake buɗewa.

Juma'a da ƙwallo

Daga makarantar zuwa lamba 8 a Brougham Terrace tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa ashirin. Gida ne fari a cikin jerin gidaje, wanda ba a nuna wa ba zai wuce shi. A nan wani lauya ɗan garin, William Henry Quilliam, wanda ya musulunta a 1887 bayan ziyarar Maroko ya ɗauki sunan Abdullahi, ya buɗe masallaci a ranar Kirsimeti ta 1889. Shi da jama'arsa sun sha jifa, duk da haka suka buɗe gidan marayu da makaranta, suka riƙa buga jarida mai suna The Crescent. A 1894 shi ne Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya wakilta zuwa Legas wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Bayan ya bar garin a 1908 ginin ya zama ofishin rajistar haihuwa da aure, sai a 2014 aka dawo da salla a cikinsa. Likita ya yi Juma'a a nan tsakanin Balaraben Yaman da Basomale da Bature, ya ji wani sanyi a ransa, ganin cewa jiragen nan ba kaya kawai suka ɗauka ba.

Anfield kuwa bas ake hawa daga tsakiyar gari. Tikitin wasa yana da wuyar samu, amma ana zagayawa da baƙi cikin filin in an yi rajista tun da wuri. Ya sayi rigar, ya tsaya wani ya ɗauke shi hoto. Wasu masu bincike na jami'ar Stanford sun wallafa a 2021 cewa bayan zuwan Salah a 2017, laifukan ƙiyayya a yankin sun ragu da kashi 16 cikin ɗari idan aka kwatanta da abin da aka yi hasashe. Tsallaken lambun Stanley ga Goodison Park, inda Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya buga wa Everton har suka ɗauki kofin FA a 1995. A 2025 Everton ta koma sabon fili da aka gina a kan wata tsohuwar matsayar jirage da aka cike, kuma irin waɗannan gine-gine ne suka sa UNESCO ta cire bakin ruwan Liverpool daga jerin wuraren tarihin duniya a 2021, bayan ta sa shi a 2004.

Da yamma abokinsa ya zo ya ɗauke shi. Tare suka yi karatun likita a Kano, shekara huɗu ke nan yana aiki a wani asibiti a yankin. Suka nufi Lodge Lane a unguwar Toxteth, inda ake samun naman halal da shagunan mutanen Yaman da Somaliya, unguwar da jikokin ma'aikatan jiragen Afirka ta Yamma suke zaune tun kaka da kakanni. Suna cikin cin shinkafa da naman rago abokin ya sako zancen.

"Mutumina, tun da Allah ya kawo ka, ka rubuta jarrabawar nan mana. A nan in ka rubuta magani, akwai shi. In ka nemi jini, ana kawowa. Ba za ka tsaya kana kallon mace tana mutuwa don an rasa abin da bai kai kuɗin cefane ba."

Likita bai yi musu ba, don babu ƙarya a ciki. Ya san daren da ya yi tiyata da hasken waya. Ya san kuma abokinsa yana aika wa gida abin da albashinsa na shekara ba zai yi ba, yana riƙe da marayu huɗu. Amma hoton filin motocin yana cikin aljihunsa. Jigawa ta daina fitar da gyaɗa, yanzu riɗi da zoɓo ake lodawa daga Maigatari, ɗanye, a kai Japan da Turkiyya da Meziko, can a sarrafa. Ana kuma fitar da wani amfanin da ya fi su tsada, wanda aka yi shekara ashirin ana nomawa da kuɗin talakawa, daga firamare har asibitin koyarwa. Ya karɓi takardun da abokin ya buga masa, ya ninke ya sa a jaka.

Amsar sallahu

Ya dawo Takur a tsakiyar Disamba, hunturu ya sauka, ƙura ta rufe kan duwatsu. Yaro ya sa rigarsa ya fita nuna wa unguwa. Bayan isha'i Likita ya zauna kusa da Baba, ya riƙa tura masa hotuna a waya ɗaya bayan ɗaya: kogin, da jajayen sito-sito, da gidajen Port Sunlight, da masallacin. Tsohon ya daɗe a kan masallacin. Da suka zo kan filin motoci, sai ya kai wayar kusa da ido.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba, ko kusa da nan. Sun cike wurin."

"Ba su bar ko buhu ɗaya ba, don tarihi?"

"Ban gani ba."

Baba ya gyaɗa kai, bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce ai su ma ba su bar dalar Kano ba, don me zai zargi baƙo. Ya miƙa masa wayar, ya ja carbi kaɗan, sannan ya dube shi.

"Kai fa, sun taya ka?"

Likita ya yi murmushi. Bai gaya wa kowa zancen takardun ba.

"Sun taya, Baba."

"Ka ga abin da allura ta nuna?"

"Na gani."

"To, ka fi ni. Me ka ce musu?"

"Na ce albarka."

Tsohon ya yi shiru har Likita ya ɗauka zance ya ƙare. Can sai ya ce, a kasuwa albarka ba ta hana mai saye dawowa, kuma shi ba zai ce masa kada ya sallama ba, don shi ne ya san nauyin da yake kansa. Abin da yake roƙo kawai, duk ranar da zai yanke shawara, ya yi ta da idonsa a kan sikeli.

Washegari da sassafe Likita ya fita zuwa asibiti. Takardun suna cikin durowa, a ƙarƙashin fasfo. A kan hanya ya ba wata babbar mota wuri ta wuce, an yi mata lodin buhuna har sun ɗara kanta, ta nufi Kano.